Allurar Rigakafin Yara: Mu Ɗora Ta A Sikeli, Jawabina A Taron Matasan Katuru



Iyayenmu dattawa, malamanmu, shugaban jam'iyya na mazaɓa, shugabar mata da tawagarta, 'yan uwana matasan Katuru, da waɗanda suka taso daga Jangeru, Badarawa, Kware, Galadi da cikin garin Shinkafi, da baƙinmu na Zurmi da Ƙaura Namoda, ina yi wa kowa barka da zuwa. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Duk wanda ya hau babur ya iso nan yau ya yi ƙoƙari, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yau ba maganar zaɓe ta tara mu ba. Kwanakin baya wani ɗan uwa ya turo wani bidiyo a zaurenmu na WhatsApp, wai allurar rigakafi tana kashe yara, tana hana haihuwa. Kafin gari ya waye zauren ya rabu biyu, har aka fara zage-zage, wasu suka fita. Da na ga haka na roƙi shugabanni a ba ni fili mu yi maganar nan ido da ido, don abin da ake gardama a kansa rayukan 'ya'yanmu ne.

Ni ba likita ba ne. Difloma gare ni a fannin kasuwanci, kuma a Ƙaura na yi ta. Amma na tambayi ma'aikatan lafiya, na karanta abin da na iya karantawa, sannan akwai abin da na gani da idona a cikin gidanmu. Da shi zan fara.

A 2003 ina da shekara goma sha uku. Ina tuna yadda in aka ji masu ɗigon foliyo sun shigo unguwa, mahaifinmu zai tsaya a ƙofar zaure ya ce: "Babu yara gidan ga, ku yi gaba." Mahaifiyarmu kuwa tana can ƙuryar ɗaki da ƙanena a goye, tana rarrashinsa kada ya yi kuka a ji. Da yaron ya kai shekara biyu ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki. Zazzaɓi ya sauka, amma ƙafarsa ta dama ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Aka ce Inna ce ta sha ƙafar. Aka yi turare, aka yi rubutu, aka je wurin masu magani har uku. Yau saurayi ne, da yawanku kun san shi, a kan kekensa yake zuwa wurin sana'arsa ta gyaran waya. Da izininsa nake wannan magana, shi ya ce in faɗa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba mugu ba ne, kuma ba wawa ba ne. Son ɗansa ne ya tsayar da shi a ƙofar zauren nan. Shi ya sa nake roƙonku, duk wanda kuka ga yana gudun allurar ga, kada ku kira shi jahili. Tsoron nan yana da asali, kuma ya kamata mu san asalinsa.

A 1996 an yi annobar sanƙarau mai muni a Arewa, dubban mutane suka mutu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, aka ba wajen rabinsu sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, ba ƙage ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi.

Amma ku lura da abu ɗaya, don masu bidiyo ba su faɗarsa. Trovan ba allurar rigakafi ba ce. Maganin warkarwa ne da ake gwadawa a kan yaran da suka riga suka kamu, kuma a lokacin bai gama samun amincewa ba. Allurar da ake yi wa 'ya'yanmu a asibitin gari an shekara da shekaru ana yin ta ga miliyoyin yara, a Masar, a Saudiyya, a Indonesiya, a Ingila. Hasali ma, da a ce yaran Kano na 1996 suna da rigakafin sanƙarau a jikinsu, da yawansu ba za su kwanta a Asibitin Zana ba, balle wani ya same su ya yi gwaji a kansu.

Da wannan tabon aka shiga 2003. Wasu manya masu faɗa a ji, ciki har da likita, Dokta Datti Ahmed, suka ce suna zargin an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon foliyo. Jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi. Kano ta fi kowa daɗewa, ba ta koma ba sai watan Yuli 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. To, me dakatarwar ta haifar? Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe wajen ashirin, har Sudan, Yaman da ita kanta Indonesiya. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 ne aka tabbatar shan inna ya kama a Najeriya. Ƙanena yana cikin 'yan wancan zamanin.

Maganar hana haihuwa kuwa ba ta buƙatar ɗakin gwaji yanzu, shekara ashirin sun ba mu amsa. 'Yan matan da aka ɗiga wa foliyo a 2004 da 2005 su ne matan aurenmu na yau. Shugabar mata tana nan, a tambaye ta sunan nawa take zuwa a wata. Wace unguwa ce a Katuru aka daina haihuwa? Gani ya kori ji.

Kuma ina da tambaya ga alhazanmu. Wa ya taɓa zuwa Makka bai yi allurar sanƙarau ba? Saudiyya ba ta yarda ka shiga aikin Hajji sai da katin rigakafi, kuma an sha ɗiga wa alhazan Najeriya foliyo a baki, tsofaffi masu furfura. Ban taɓa jin wanda ya ajiye kujerarsa saboda haka ba. Yaya za ka miƙa hannunka don ka sauke farali, ka dawo gida ka ɓoye jaririnka?

Yanzu bari in juya sikelin, don ba zan tsaya gabanku in ce allura ba ta da illa ko kaɗan ba. Wanda ya ce muku haka bai faɗi gaskiya ba.

Illa ta farko ita ce wadda kowace uwa ta sani: zazzaɓi, kumburin cinya, kukan dare. Ranar da aka yi wa 'yata ta fari allurar sati shida, ba mu runtsa ba. Jikinta ya yi zafi, ta ƙi nono, gwaggona ta shigo tana cewa: "Ai mun gaya muku, kun ɗauki ɗiya lafiya lau kun kai an sa mata ciwo." Wallahi a daren nan zuciyata ta raya mini ba za a ƙara ba. Da safe na koma wurin malamin asibiti da fushina. Ya zaunar da ni ya ce allura kamar atisaye ce: ana nuna wa jiki kamannin maƙiyi, wanda aka kashe ko aka raunana, don jiki ya koyi yaƙarsa tun bai zo da ƙarfinsa ba, kuma zafin da na gani alamar jiki yana wannan aikin ne. Ya gaya mana yadda za a ba ta farasitamol daidai da nauyinta, a ci gaba da ba ta nono. Kwana biyu ta warware. Laifin da na gani a nan shi ne ba a yi mana wannan bayanin tun kafin a yi allurar ba. Da yawan iyayen da suka daina zuwa, a wannan daren suka yanke shawara, saboda ba wanda ya gaya musu abin da zai biyo baya.

Illa ta biyu ba kasafai ake ganin ta ba. Akwai yaron da jikinsa ke yin bore mai tsanani, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Masana sun ƙiyasta hakan na faruwa kamar sau ɗaya a cikin allura miliyan ɗaya, yawanci cikin 'yan mintuna, kuma akwai maganinsa. Shi ya sa yake da kyau uwa ta ɗan zauna a asibiti bayan allura kafin ta kama hanya.

Ta uku sakacin mutum ne: maganin da ya sha rana, ko sirinjin da ba sabo ba. Wannan kuwa muna da ikon sa ido a kansa, zan dawo gare shi.

Ta huɗu ita ce wadda ake jefa mana a muhawara, kuma gara ku ji ta daga bakina. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016. To me ya sa har yanzu ake bin gida-gida a Zamfara, Sakkwato, Katsina da Kebbi? Dalili shi ne ɗigon bakin yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma tana fita ta bayan gidan yaro. A garin da kusan kowane yaro ya karɓa, ba ta samun wurin zama, sai ta mutu. Amma a garin da yara kaɗan suka karɓa, ga bahaya a fili, ga ruwan sha ba tsafta, sai ta yi ta yawo daga wannan yaro zuwa wancan tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi, ta nakasa wanda ba shi da kariya. Wato wanda ta fi kamawa shi ne yaron da aka ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 2021 aka fara amfani da sabon ɗigo da aka gyara don rage wannan matsala, kuma a Najeriya aka fara.

Wannan shi ne ɓangare ɗaya na sikeli. Mu dubi ɗayan.

Wa ya manta sanƙarau na 2017? A nan maƙwabtanmu, wani ƙauye na ƙaramar hukumar Zurmi, aka fara ganin sa a watan Disamba 2016. Kafin damina ta kankama fiye da mutum 14,000 sun kamu a ƙasar nan, fiye da 1,100 sun rasu, kuma Zamfara ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Mun ga mutane kwance a ƙarƙashin itatuwa da ledar ƙarin ruwa rataye a reshe. Mun ga yaran da suka tashi ba su ji. Kuma kun tuna abin da ya faru da aka ce allura ta iso? Mutanen da ke rufe ƙofa ga masu foliyo su ne suka yi layi tun asuba, har da turereniya, allurar kuma ba ta isa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Irin sanƙarau da ya yi mana ɓarna a 1996 nau'in A ne, kuma tun da aka yi gangamin rigakafinsa daga 2011 ya kusa ɓacewa. Na 2017 nau'in C ne, wanda waccan allurar ba ta rufe ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a haɗe.

Sai ƙyanda, baƙon dauro, da muke ɗauka kamar dole ne kowane yaro ya yi. Cikin yara goma marasa rigakafi da suka zauna da mai ƙyanda, wajen tara za su kamu. Tana makantarwa, tana sauka a ƙirji ta zama ciwon huhu, tana barin jiki ba ƙarfin yaƙar wasu cututtuka. Yaron da ta fi kashewa shi ne mai tamowa. Ku haɗa wannan da halin da muke ciki: a 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara a waɗannan ƙananan hukumomi biyu, ta tarar ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Mutane sun baro gonakinsu, gida ɗaya ya ɗauki iyali uku, yara goma a ɗaki guda. In ƙyanda ta shiga irin wannan ɗaki, ku da kanku kun san abin da za ta yi.

Ga mashaƙo, da muka ɗauka ya zama tarihi, ya dawo tun ƙarshen 2022, ya fi yin ɓarna a Kano, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Alhali kariyarsa tana cikin allurar nan ta cinya da ake yi kyauta.

Ina roƙon iyayenmu dattawa da ke nan, wanda ke da tabon lamba a damtse ya nuna wa matasa bayan taro, ya ba su labarin agana. Yawancinmu ba mu taɓa ganin mai agana ba. Ba ita ta gaji ta tafi ba, lamba ce ta kore ta, har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 1980.

Akwai tambayar da na fi jin ta a majalisa, kuma tambaya ce mai nauyi: "Don mi za a biyo ni har gida da ɗigo kyauta, amma in ɗana na zazzaɓin sauro in je asibiti a ce in sayo magani?" Wanda ya yi wannan tambaya yana da gaskiya. Foliyo ta samu kuɗin duniya saboda cuta ce da ake iya kawarwa gaba ɗaya, kuma muddin tana wuri ɗaya ba ƙasar da ta tsira, shi ya sa suka damu. Asibitin ƙauyenmu kuwa haƙƙinmu ne a kan waɗanda muke zaɓa, ko daga wace jam'iyya suke, har da tamu. Mu nemi magani, mu nemi ma'aikaci mai kwana a gari, mu nemi firjin da ke aiki da hasken rana. Amma in ka hana ɗanka rigakafi don ka huce haushin gwamnati, ba ɗan kwamishina ka hukunta ba. 'Ya'yan manya katinsu cike yake.

Game da tawakkali, malamai suna nan, su gyara mini in na yi kuskure. Mun ji a karatu cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, kuma ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Muna kulle ƙofa da dare, muna sa taki a gona, ba wanda ya ce mun bar tawakkali. Kuma tun 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ke jagorantar sarakunan Arewa a kan wannan aiki na rigakafi.

To, me nake nema gare ku, matasa?

Mu ne muka san kowane gida a mazaɓar nan. Lokacin kamfen ba lungun da ba mu shiga ba, mun san gidan da ke da ƙuri'a biyar da mai goma sha biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari kacal na yaran Najeriya suka samu cikakken rigakafin farko, a maƙwabciyarmu Sakkwato kashi 5, kuma yankinmu ne a ƙasan jerin. Ƙafar da ta iya neman ƙuri'a za ta iya neman yaron da bai yi allura ba.

Kowa ya fara da gidansa. Yau da dare ka ce wa maiɗakinka ta ɗauko katin yaro ku duba tare. Zuwa shida ne: ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. Ɗigon da ake bi gida-gida ba ya maye gurbin waɗannan, shan inna kawai yake karewa. Rigakafin tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon hanta, ciwon huhu, gudawa, ƙyanda, shawara da sanƙarau duk sai an je asibiti. In an tsallake wani zuwan ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Kuma mu maza mu daina fakewa da cewa harkar mata ce. Mace ba ta fita sai da izininka da kuɗin babur ɗinka.

In kun je, ku yi tambaya, haƙƙinku ne. A buɗe sirinji sabo a gabanku. Magani ya fito daga akwatin sanyi. A jikin kwalbar akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya: in murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya lau, in ya yi duhu kamarta ko ya fi ta, zafi ya lalata shi, kada a yi amfani da shi. Ku tambayi sunan allurar da abin da za ku gani bayan an yi. In zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko yaro ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya canza, a koma asibiti nan take. Ku yi tambayar da ladabi, don ma'aikatan nan 'ya'yanmu ne, da yawansu suna shiga ƙauyukan da mu kanmu muke tsoron shiga, kuma ba mu manta da ma'aikatan foliyo tara da aka harbe a Kano a watan Fabrairu 2013 ba.

Masu babura a cikinmu, ina roƙon ranar rigakafi kowa ya sadaukar da sawu ɗaya ga uwar da ba ta da kuɗin zuwa, musamman 'yan uwanmu da suka baro ƙauyukansu, waɗanda katinsu ya ƙone ko ya ɓace. Sakataren matasa zai buɗe rajista bayan taro, ni ne na farko a ciki. Kuma don Allah, in bidiyo ya shigo wayarka, kafin ka tura ka tambayi kanka: wa ya yi shi, a ina, yaushe? In ba ka da amsa, ka riƙe shi ka kai wa ma'aikacin lafiya ya gani.

Ba na tilasta wa kowa, kuma ban yarda a tilasta ba. Ɗanka naka ne, amana ce Allah ya ba ka, kai za a tambaya. Ni dai na auna. Na kwana biyu ban yi barci ba saboda zazzaɓin 'yata, kuma na shekara ashirin ina kallon ƙanena yana jan ƙafa. Shekarar da zai rasu, mahaifinmu ya ga ana ɗiga wa jikarsa foliyo a ƙofar zauren nan da yake tsayawa. Bai ce komai ba, ya miƙa hannu ya riƙe mata kai har aka gama.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Wanda ke da tambaya ko gyara, fili a buɗe yake, malamin asibiti ma yana nan tare da mu zai amsa abin da ya fi ƙarfina.